Sadakin da Aka Miƙa a Gaban Kyamara

Alhaji Maiwada Sha'aban maƙaryaci ne, wanda ya ji haushi ya kai masa. Shi ne mai shirin nan na intanet da yake yi daga falonsa na unguwar Malaz a Riyadh, a kishingiɗe, agogo na walƙiya a hannu, kullum waƙa ɗaya: gwamnatin gida ta rage wa masu kuɗi haraji, wai in randarsu ta cika za ta tsiyayo wa talaka. To saura ƙiris randar nan ta kashe auren 'ya'yan mutane.

A kasuwar Aziziya Sahadatou da Uwais suka fara ganin juna. Sahadatou ta kawo wa babanta, Malam Saidou mutumin Maraɗi, abincin rana a rumfar albasar da yake tsaro, gwaggonta Delou na biye da ita. Sai ga Uwais, direban Alhaji, ɗan Gusau, ya zo cefane.

"Malama, nawa buhun?"

"Talatin da... la, hamsa wa talatin," ta ce, don a Riyadh aka haife ta, Hausarta sai ta dafa Larabci take miƙewa.

Ya yi murmushi. "To da wane yaren zan biya?"

"Da yaren riyal," in ji Delou. "Ɗauki albasarka ka ba mutane wuri."

Mako bai zagayo ba ya dawo sau uku. Delou ta ce ko dai gidan Alhajin nan da albasa suke shan shayi, ko kuma akwai magana. Akwai maganar kuwa. Daga hannun Delou ɗin ya samu lambar, bayan ta yi masa tambayar da ko 'yan jawazat masu duba iƙama, wato takardar zama a ƙasar, ba sa yi.

"Balarabiyata, yau na wuce rumfa ban gan ki ba. Albasar ma ta ƙi yi min ƙamshi."

"Direbana, ka daina ƙarya, albasa ba ta ƙamshi. Ka ci abinci?"

"In kin ce in ci, zan ci."

"Yalla, ci. Kuma ka turo manya, Abba ya fara kallona."

Nan gizo ke saƙar. Uwais ba shi da uba ko baffa a ƙasar, ga neman aure ba a yin sa sai da babba a gaba. Alhaji na jin labari ya dafa ƙirji ya ce shi ne wakili. Uwais har da hawayen godiya. Shekara biyu yana zubin adashe da direbobi 'yan uwansa a unguwar Batha, ya kwashi nasa ya sa a ambulan, ya damƙa wa Alhaji, domin wakili ke miƙa sadaki, ango ba ya ko shiga ɗakin.

Alhaji ya zo da wani mutum mai riƙe da waya, wai don tarihi. Malam Saidou ya sa hannu biyu ya karɓi ambulan, kai a sunkuye, yadda aka koya masa girmama baƙo.

Washegari da la'asar Sahadatou na yankan kubewa ƙawarta ta turo mata bidiyo. Ga Alhaji a shirinsa, ana musu da wani malamin jami'a da ke cewa harajin mai kuɗi ne ke gina asibitin talaka. Alhaji ya yi dariya.

"Dakta, bar ni da littafi. Ga zahiri. Direbana ne, ni na biya masa sadaki. Dubi surukin, dubi yadda ya karɓa hannu bibbiyu. Da gwamnati ta kwashe min kuɗin a haraji, wa zai rufa wa wannan bawan Allah asiri?"

Wuƙar ta faɗi daga hannunta.

Kafin magariba bidiyon ya kai Maraɗi. Malam Saidou, mutumin da shekara ashirin da bakwai yana ɗaukar buhu, yana biyan kuɗin zaman iyalinsa bai taɓa roƙon kowa ba, shi aka mayar abin misali. Ya ajiye ambulan a gaban Delou.

"Ki maida musu. Ɗiyata ba sadaka ba ce. Yaron da wani ya biya ma sadaki a bainar duniya, gobe matarsa ma sai an nuna ta. Ga Abdou ɗan aminina da shagonsa a Batha, tun bara yake magana."

Sahadatou ta shige ɗaki ta rubuta wa Uwais:

"Ka ce min guminka ne. Ka bari aka yi wa Abba haka don maigidanka ya ci musu. Halas, kar ka sake kirana."

"Wallahi Sahada ban san da kyamarar ba. Kuɗina ne. Ki ba ni lokaci."

Ta karanta, ta kife wayar. Amma ba ta goge ba.

Uwais ya sami Alhaji yana shafa turare zai shiga wani shirin.

"Ranka ya daɗe, ka gyara maganar nan. Ka san ba kai ka biya ba."

"Daga hannun wa ambulan ta fita? To. Kuma albashin da ka tara, wa ya ba ka? Ka ga ai maganata ce ta tabbata."

Uwais ya ajiye makullin mota a kan teburi ya fita. Ya san abin da ya yi, iƙamarsa na rataye har sai ya samu wani kafil, wato ubangidan da zai tsaya masa a hukuma. Ya koma Aziziya yana sauke buhuna, rumfa uku tsakaninsa da Malam Saidou. In sun haɗa ido ya durƙusa ya gaida shi, tsohon ya kau da kai.

Sati uku Sahadatou tana ramewa. Abdou ya zo da turare da sabuwar waya, ta gaishe shi kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Ranar da ta hango Uwais da buhu a ka, wuyan rigarsa ya yi fari da gishirin gumi, ta riƙe hannun Delou.

"Gwaggo, mai ƙarya zai bar mota mai sanyi ya zo nan?"

Delou ba ta yi boko ba, amma ta san kuɗin adashe ba ya rasa shaidu. Ranar Juma'a ta hau bas zuwa Batha, ta bi shago shago har ta samo Mamane, tsohon direban da ke riƙe musu zubi. Bayan an sauko masallaci ta iso rumfar ɗan uwanta da maza goma sha ɗaya a bayanta.

"Saidou, tashi ka ga attajiran da suka biya sadakin ɗiyarka."

Mamane ya ce, "Malam, wata ashirin da huɗu yaron nan bai taɓa fashi ba. Akwai watan da burodi da shayi ya rayu a kai. Kwabon Alhaji babu a ciki, mu ne shaida."

Malam Saidou ya ce a kira masa yaron. Da Uwais ya durƙusa, ya dafa kafaɗarsa inda buhu ya goge.

"Mi ya hana ka faɗa mini?"

"Baba, bakina ba zai kai na mai kyamara ba."

Da yamma saƙo ya shigo masa: "Direbana, ka yafe min. Ka ci abinci?"

"Yau kam zan ci, Balarabiyata."

Bayan wata guda aka ɗaura aure, Mamane ne wakili, kafil ɗin rumfar albasa kuma ya karɓi iƙamar ango. Delou ta tsaya bakin ƙofa da roba, duk mai shiga sai ya jefa wayarsa ciki. Aka yi fatiha, aka raba dabino. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, Ya raba su da inuwar da ke ƙona mai fakewa.

Amma bidiyon yana nan, ana ta tura shi, har yau a Maraɗi akwai masu ce wa Malam Saidou surukin sadaka. Alhaji Maiwada kuwa yana kan kujerarsa yana neman a rage masa haraji. To gara ya kunna kyamarar nan tasa, a falon da ya yi ƙaryar, ya kira sunan Saidou da na Uwais, ya faɗa wa duniya gumin wa ke cikin ambulan ɗin. In ya ƙi, Delou ta riga ta san gidan.