Mai Shan Wutar Motar Dabo

Ruwa ba ya tsami banza. Kullum Dabo, wani direba a garin Fulatan, sai ya wayi gari batirin tsohuwar motarsa ya mutu. Ga 'yarsa Bahijja kwance ba lafiya, gobe dole a kai ta asibitin Karaye.

Bakanike ya ce, "Wani abu ke shan wutar da dare. Ka tsaya ka gani."

Bayan isha'i ya tsaya a rumfar da yake ajiye motar. Sai fitilar cikin motar ta kama da kanta, ƙamshin kafur ya cika rumfar. Ya cire kan batir, hasken ya ɗauke.

Daga kujerar baya, muryar Saude, matarsa da aka binne bara, ta ce, "Malam, mayar mana da hasken. Bahijja nake jira, ka san tana tsoron duhu."