Bugu Biyu a Gindin Waya

Ku matso, ku rage murya. Ke Talatu, bar wasa da fitilar nan.

Kun ga turakun ƙarfen da suka hau dutsen bayan gari? Da can wayar da ke kansu tana aiki, manyan bokitai na lilo a jikinta, suna sauko da kuza daga ramukan sama. Don ita aka kafa garin nan, shi ya sa ake ce masa Gindin Waya.

Jatau ne mai tada inji a ƙasa. Amininsa Korau shi ke hawa turaku yana shafa wa wayar mai. Ƙa'idarsu guda ce: in Korau ya gama ya janye jikinsa, sai ya bugi waya da guduma sau uku. Sai Jatau ya ji na ukun zai tada inji.

Ran nan ya ji biyu. Ga tuwo an kawo masa yana hucewa. Ya ce ai na ukun na tafe, ya tada inji. Bokiti ya tunkuɗo Korau daga turke na bakwai, ya faɗo ya mutu.

Tuwo fa, jama'a! Tuwo!

Jatau ya je ya ce wa Inna Delu, mahaifiyar Korau, santsi ne ya kwashe shi. Baiwar Allah ta yarda, har ta riƙe shi ɗa, kullum tana aika masa abinci.

Shekara goma, kuza ta ƙare, waya ta yi tsatsa. Wata rana da tsakar rana, Jatau ya ratsa ta ƙarƙashinta shi kaɗai. Ko tsuntsu ba ya kuka. Sai warin man inji.

A gindin turke na bakwai ga mutum tsaye. Tafin ƙafarsa bai taɓa ƙasa ba.

"Jatau."

Bakin mutumin bai motsa ba. Daga cikin waya muryar ta fito.

"Korau?"

"Korau ya huta. Mu ne masu dutsen. Nawa ka ji?"

Jatau ya ce, "Biyu."

Mutumin ya miƙo masa guduma, ƙotarta da danshin mai. "Kai wa uwarsa. Faɗa mata abin da ka faɗa mini."

Jatau ya iso ƙofar Inna Delu, guduma a cikin riga. Tana ganinsa ta ce, "Ɗana, ka rame. Zauna ka ci tuwo."

Wallahi ya zauna ya ci. Ya ce a ransa gobe zai faɗa.

Da asuba aka yi sallama da shi, Inna Delu ta rasu.

Tun daga ranar, duk sa'ad da ya kai hannu kwano sai ya ji ƙarfe ya yi ƙara. Ɗaya. Biyu. Sai ya tsaya, hannu a sama, yana jiran na uku har tuwon ya sandare. A haka ya bushe ya mutu.

Kada wanda ya bi ƙarƙashin wayar nan shi kaɗai, ko da rana tsaka. Talatu, kashe fitilar.