Layin da Ya Ƙi Fitowa

A ajin yamma na masu maimaita lissafi a garin Kabwe, Chanda ya fara ganin Mutinta, tana hararar 2x + 6 = 40 kamar ya zage ta.

Ya matso da kalkuletar yayansa mai zana layi. "Zo ki gani. Ki sa kowane ɓangare ya zama layi, inda suka haɗu nan amsar take."

Ya danna. Layi ɗaya ya fito.

"Ina ɗayan?" in ji ta.

"Yana hanya."

Bai zo ba. Gaskiya Chanda bai fi ta sani ba, baki ne kawai. Amma daga ranar zuciyarsa ta tafi da ita.

Da ya aika a nema masa aurenta, mahaifinta, wanda ake kira Ba Hamoonga, ya ce babu zancen aure sai ta ci lissafin nan. In ta sake faɗuwa, ƙauye za ta koma wajen gwaggonta.

Ana cikin haka ta hango shi ran Asabar da wata Bupe, kai da kai. Ta tura masa saƙo:

"Wato layin naka ya haɗu da wani."

"Wane layi kuma, Tinta tawa?"

"Tambayi Bupe."

Ya yi ta juya wayar, kansa ya ɗaure. Washegari ya tare ta yana haki.

"Koyo nake zuwa yi wajenta! Ashe layin yana nan, fuskar kalkuletar ce ta yi masa kaɗan. Duba."

Ya faɗaɗa ta, sai ga layi biyu sun gitta a kan sha bakwai. Kunya da daɗi suka rufe Mutinta.

Ranar jarrabawa ya tura mata kalkuletar, ya zauna da fensir. Ta ci. Shi kuwa ya faɗi warwas.

Ba Hamoonga ya dube shi. "Kai ka koya mata, kai ka faɗi? Ban gane ba."

"Baba, kalkuletar ɗaya ce."

Tsohon ya tura masa kwanon nshima, tuwon masara, gabansa.

"Wanke hannu, ɗana. Ka turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure, dangi suna ta sa albarka. Ango kuwa ya koma ajin yamma, amarya ke duba masa aiki.