Keken da Ya Fi Ƙarfin Auta

Akwai wata yarinya 'yar aji shida a makarantar firamare. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa yake ce mata Auta. Babanta tela ne. Shagonsa yana bakin babban titi, a ƙasan wata gangara.

Wata Asabar da safe Auta ta kai wa Baba abin karyawa a shago. Tana ajiye kwanon ke nan sai ta ji wani sauti daga nesa. Ba ƙarar mota ba ce, ba kuma ta babur ba. Ya fi kama da iska idan ta ratsa ganyen bishiya.

Ta leƙa waje. Masu keken tsere ne, sun fi ashirin, suna gangarowa a jere. Duk sun sunkuya a kan kekunansu. Tayoyin sirara ne kamar yatsa. Ba mai magana a cikinsu. Ƙafafunsu suna juyawa tare, sai ka ce da igiya ɗaya aka ɗaure su.

Ta ƙarshe a layin mace ce. Auta ta gane ta. Malamar wasanni ce ta makarantarsu.

"Baba, ka ga Malamarmu kuwa?" in ji Auta a hankali. "Kamar ba ta taɓa ƙasa."

Baba ya ɗago daga ɗinkinsa ya yi dariya. "Na gan ta. Rufe bakin, kada ƙuda ya faɗa."

Ranar Litinin Malama ta ce za ta buɗe ƙungiyar keke ta 'yan aji shida. Auta ta iya keke, domin ta koya da tsohon keken Yayanta. Amma wannan keken nauyi gare shi kamar buhun siminti. Da ta koma gida ta roƙi Baba ya saya mata na tsere.

"Ki kawo mini sakamako mai kyau a wannan zangon," in ji Baba. "Sauran ki bar mini."

Auta ta dage da karatu. Da aka raba sakamako, ita ce ta uku a aji. Baba ya karanta takardar sau biyu, sannan ya rufe shago ya kama hannunta.

Auta ba ta taɓa shiga wuri irin shagon kekunan nan ba. Kekuna a ƙasa, kekuna a jikin bango, wasu ma a rataye a sama. Ko'ina ƙamshin sabuwar roba da mai. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa motsi.

Mai shagon wani dattijo ne mai tabarau a ƙarshen hanci. Ya saurari Baba, sannan ya fito da kekuna biyu.

"Waɗannan su ne na masu farawa," in ji shi. "Dukkansu nagari ne."

Na farko ja ne, yana ƙyalli. Auta ta ga fuskarta a jikinsa. Na biyu mai ruwan toka ne. Ya fi ƙanƙanta, kuma ba ya ɗaukar ido. Jan ya ɗan fi tsada.

"Ɗaga ki ji, 'yata," in ji mai shago.

Auta ta tattara ƙarfinta ta ɗaga jan. Sai ga shi ya tashi sama da hannu ɗaya. Ta kusa faɗuwa don mamaki.

Mai shago ya murza tayar baya da yatsa. Tayar ta yi ta juyawa tana wani ƙaramin sauti mai daɗi. Auta ta ƙirga har hamsin a zuciyarta, tayar ba ta tsaya ba.

"Yanzu ki tsaya a kansa, ƙarfen tsakiya yana tsakanin ƙafafunki," in ji shi. "Dole tafin ƙafarki ya taka ƙasa sosai."

A daidai lokacin wayar Baba ta yi ƙara. Wani da ya kawo ɗinki ne yake neman kayansa. Baba ya fita waje yana ba shi haƙuri.

Auta ta tsaya a kan jan keken. Ƙarfen ya yi mata tsawo. Sai ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa. Doguwar rigarta ta rufe ƙafafun, ba wanda ya gani.

"Kin taka ƙasa?"

"Na taka."

"To hau sirdi, zan riƙe miki. Yatsunki suna kai birki?"

Auta ta miƙe har kafaɗarta ta yi ƙara. Kan yatsunta kawai suka taɓa birkin.

"Suna kaiwa sosai," in ji ta.

Mai shago ya dube ta ta saman tabarau. "Ni dai idona yana gaya mini mai tokar ne naki. Ki gwada shi mana."

"A'a," in ji Auta. "Wannan ya yi mini."

Baba ya dawo yana sa waya a aljihu. "Auta, ya yi miki daidai?"

"Daidai, Baba."

Mai shago ya ce, "To ku je da shi. Idan bai yi ba, ku dawo da shi cikin mako guda. Amma kada ya sami ko ƙwarzane." Ya haɗa mata da hular kwano.

A gida, yaran maƙwabta suka cika tsakar gida suna kallo. Yaya ya zagaya keken, ya dubi Auta daga sama har ƙasa.

"Ke za ki hau shi, ko shi zai hau ki?"

Kowa ya yi dariya. Auta ta murguɗa masa baki.

Kwana uku tana hawa a lungunsu. Keken yana da gudu, taku ɗaya ya kai ta ƙarshen lungu. Amma wuyanta ya riƙe. Bayanta yana ciwo. Idan za ta tsaya sai ta yi tsalle ta diro gefe.

"Me ya sami wuyanki kike juyawa kamar an sa miki katako?" Mama ta tambaye ta.

"Kwanciya ce na yi ba daidai ba," in ji Auta. Ta kasa kallon idon Mama.

Asabar ta zo, ranar fitar ƙungiya ta farko. Za a haɗu a makaranta da safe. Auta ta sa hular kwano ta kama hanya.

Da ta iso gangara, keken ya fara gudu da kansa. Iska ta cika mata kunne. Bishiyoyi suna wucewa kamar ana janye su baya. Ba ta taɓa jin abu mai daɗi haka ba.

Sai wani mutum ya turo baro cike da kankana zai tsallaka titi.

Auta ta miƙa hannu ga birki. Yatsunta suka taɓa shi, suka zame. Ta sake miƙawa. Suka sake zamewa. Baron yana ta matsowa.

Ta karkatar da kan keken gefe. Akwai tulin yashin magina a bakin titi. Keken ya caki yashin, ita kuma ta tashi sama ta faɗo da kafaɗa.

Na ɗan lokaci ba ta ji komai ba sai bugun zuciyarta. Yashi ya cika mata baki. Gwiwarta ta goge tana jini. Hannunta na hagu yana zogi. Hular kwanon ta tsage a gefe.

Mai baro ya ajiye kayansa ya rugo. "Sannu, yarinya. Sannu. Allah ya kiyaye gaba."

Wani keke ya tsaya kusa da ita. Malama ce, tana hanyar zuwa makaranta. Ta duba gwiwar, ta duba hannun, ta sa Auta ta motsa yatsu. Sannan ta ɗaga jan keken. Kansa ya karkace. Wani dogon ƙwarzane ya tsaga jan fentin, inda ya gogi bulo.

Malama ta kama hannun Auta mai lafiya ta ɗora a kan keken. Ta ga inda yatsun suka tsaya.

"Wa ya auna miki keken nan?"

Auta ta fashe da kuka. "Ba a auna ba, Malama. Ni ce na yi ɗage. Na ce yatsuna suna kaiwa, alhali ba sa kaiwa."

Malama ta share mata yashin fuska. "Tashi mu je wurin babanki. Abin da kika faɗa mini shi za ki faɗa masa."

An kai ta asibiti. Likita ya ce targaɗe ne, ba karaya ba. Aka naɗe hannun da bandeji.

A gida Baba bai yi faɗa ba. Ya zauna ya daɗe yana juya hular da ta tsage.

"Da kanki ne ya tsage haka fa?" in ji Mama.

"Ku yafe mini," in ji Auta. "Kyansa ne ya ruɗe ni."

Baba ya ajiye hular. "Ni ma ina da laifi. Ni tela ne. Ban taɓa yanka yadi ban yi awo ba, amma na saya miki keke ina waya. Sai dai ke kaɗai kika san ƙafarki ba ta taka ƙasa ba. Mutum uku muka tambaye ki, duk kika ɓoye mana."

"Haka ne, Baba."

"Idan hannun ya warke za mu koma shagon. Ke za ki yi bayani da bakinki."

Asabar biyu Auta tana gida. 'Yan ajinsu suna fita da Malama, ranar Litinin su zo suna ba da labari. Ita kuwa sai dai ta saurara.

Ranar da suka koma, makon da aka ba su ya daɗe da wucewa. Auta ta tura jan keken har gaban mai shago. Ta gaishe shi, ta faɗa masa komai, ba ta rage ko kalma ba.

Dattijon ya shafa ƙwarzanen da babban yatsa.

"Wannan ya tashi daga sabo," in ji shi. "Zan gyara kan, in sayar wa wani dogon yaro da rangwame. Abin da ya fi mai tokar tsada da shi, ƙwarzanen nan ya cinye."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Amma kin zo da ƙafarki kin faɗi gaskiya. Ba kowane babba ne zai iya haka ba."

Ya shiga ɗakin baya. Ya fito yana turo mai ruwan tokar.

"Sau biyu aka taya shi, na ce yana da mai shi."

Baba ya zare tef ɗin awo daga wuyansa. Ya auna ƙafar Auta, ya auna hannunta. Mai shago ya sauke sirdi kaɗan ya ɗaure. Ya ce ta tattare rigarta ta tsaya. Tafin ƙafarta duka biyu suka zauna a ƙasa. Ta ɗora hannu, sai ga birki a cikin yatsunta kamar dama yana jiran ta.

"Yanzu fa?" in ji mai shago.

"Suna kaiwa," in ji Auta. "Wannan karon da gaske ne. Ku duba ku gani."

Suka duba, suka yi dariya. Baba ya saya mata sabuwar hula.

Asabar ta gaba Auta ta fita da ƙungiya. Malama ta bi da su wata hanya da ta bar gari ta hau wani dogon tudu. Da hawan ya yi tsanani, Malama ta ce su sauya giyar keke don takawa ta yi sauƙi. Auta ta danna, sarƙa ta yi ɗan tsalle, sai feda ta yi laushi. Wuyanta bai yi ciwo ba. Bayanta bai yi ciwo ba. Har ta manta akwai keke a ƙarƙashinta. Ji take kamar ƙafafunta ne suka koyi tashi.

A saman tudun suka tsaya. Auta ta juya ta dubi ƙasa. Ga garin nan gaba ɗaya a shimfiɗe. Rufin gidaje yana walƙiya a rana. Motoci sun zama kamar tururuwa. Can nesa wani kogi yana kwance kamar farin zare. Wasu tsuntsaye suna shawagi, kuma a ƙasa da ita suke.

"Malama, da ƙafata na zo nan?"

"Da ƙafarki, da keken da ya yi miki daidai," in ji Malama. "Me kika koya?"

Auta ta yi tunani. "Idan zan zaɓi abu, in duba wanda ya dace da ni, ba wanda ya fi ƙyalli ba. Kuma idan manya suka tambaye ni, in faɗi gaskiya, domin kare ni suke so su yi."

"To ki riƙe wannan, ba a keke kaɗai ba."

Suka juya kekunansu. Hanyar komawa gangara ce mai tsawo. Auta ta ɗora yatsu biyu a kan birki, ta matsa kaɗan, ta ji ya amsa. Ta yi murmushi, ta ɗaga ƙafa ta bi bayan Malama.