Ɗakin da Ba Ya Neman Fanka

Ranar da Huseina ta fara ganin Mika'ilu, yana tsundum cikin kwaɓin ƙasa har gwiwa a bakin hanyar Zakirai. Ta taso ne daga firamaren da take koyarwa, rufin kwanon ajin ya gasa ta tun safe.

"Sannu da aiki, Malam. Digirin ke nan?" ta tsokane shi, don kowa ya san zanen gine-gine ya karanto a jami'a.

Ya ce, "Shi ne, Malama. Ɗakin da ba ya neman fanka nake ginawa."

Ta yi dariya ta wuce. Washegari ma ta nan ta biyo, alhali ba hanyarta ba ce.

A shekarar siminti ya gagari talaka, wutar lantarki kuwa sai a labari. Duk da haka, da manyan Mika'ilu suka je neman aurenta, mahaifinta Malam Nababa ya kafe. Tsohon magini ne, ya ajiye sana'ar tun da mutane suka koma bulo suna kiran aikinsa ƙauyanci.

Ya ce, "Abin da aka raina ni a kansa ba zan kai 'yata cikinsa ba. Ga Sabo can yana sonta, da gidansa na bulo."

Hankalin Mika'ilu ya tashi, ya tura mata saƙo: "Hasken idona, in rushe in nemi bulo? Ke nake so, ba katanga ba."

Ta amsa: "Kar ka taɓa, Maginina. Na ji Baba yana tsaki a kan tubalinka. Wanda bai damu ba ai ba ya tsaki."

Ta san mahaifinta. Ran nan ya zo wucewa da fartanya a kafaɗa, ya kau da kai, ya yi taku uku, ya kasa daurewa. Ya dawo ya damƙi ƙasar ya shinshina.

"Yau ka kwaɓa, yau za ka ɗora? Ƙasa sai ta kwana biyu da ciyawa tana tsima!"

"Ba a rubuta mana wannan a littafi ba, Baba."

"Ina za a rubuta! Matsa."

Ya naɗe wando ya shiga. Wata biyu yana zuwa, kullum da faɗa, kullum shi ke rigan Mika'ilu isowa. Shi ya jera azara, shi ya yi yaɓe.

Ranar da aka gama, ana tsananin rana, tsohon ya zauna a ciki. Sanyi ya ratsa shi, idonsa ya ciko.

Ya ce, "Shekara ashirin ina zaton hannun nan ya mutu." Sannan ya harari Mika'ilu. "Ka turo manyanka. Ni in gina, 'yar wani ta shiga?"

Bayan kaka aka ɗaura aure. Malam Nababa ya dafa bangon ya yi addu'a: "Allah ya sanyaya zamanku, ya ba ku zuriyar da za ta sa mu ƙara wani ɗakin."