Kwalbar Zinariya Mai Riga

Ƙarfe tara na safiyar Alhamis Sufeto da Saja suka shiga ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Wata ɗaliba na tsaye gaban firji, ido ya yi jawur.

"Ke kika kawo ƙarar sata?"

"Ni ce, Yallaɓai. Kwalbata aka ɗauke, aikin shekara biyu. Ƙarfe biyu zan gwada shi gaban masu jarrabawa, in babu ita sai baɗi."

Sufeto ya leƙa firjin. Ga kwalba nan da jan ruwa, ga sunanta a jiki.

"'Yata, ba ita ce wannan ba?"

"Musanya aka yi. Tawa ma ja ce, ƙwayoyin zinariya ne da ido ba ya gani, na yi wa kowace riga ta roba, folima muke ce mata. A kan rigar nake liƙa sinadarin da ke gane suga a jini, na'ura ta karanta da lantarki."

Ta zuba kaɗan a kofin gwaji, ta ɗiga ruwan gishiri. Jan ruwa ya koma shuɗi.

"Ka gani? Wannan tsirara take. Mai riga ba ta canza launi."

"Ikon Allah!" in ji Saja. "Zinariya ma da tsiraici."

Sufeto ya yi murmushi. Ɓarawon da ya san ya ajiye ja a gurbin ja ai ɗan gida ne.

Aka kira Iya mai shara. Ta rantse ba ta taɓa buɗe firjin nan ba.

"To gorar ruwan da ke bayan kwalabe ta wace ce, Iya?"

Iya ta sosa ƙeya. "Zafi ne, ɗan nan. Jiya da la'asar dai da na zo shan ruwa, na ga Dakta ya fita da ƙaramar kula."

Dakta malami ne a sashen, ofishinsa na ƙarshen baranda. Ya tarbe su da fara'a har da jawo kujera.

"Ni? Rabona da ɗakin gwajin tun Litinin."

"Madalla. A buɗe mana firjinka."

Can ciki ga kwalba an naɗe ta tsaf, an manna mata sabuwar takarda. Sufeto ya sa tabarau ya karanta da ƙarfi: "Ƙwayoyin zinariya masu riga. An ɗauko daga firjin ɗakin gwaji, Laraba, ƙarfe huɗu." Ƙasa kuma ga sa hannu, raɗau.

Saja ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Dakta," in ji Sufeto, "shekara ashirin ina aikin nan, ban taɓa ganin ɓarawon da ya sa hannu ba."

Dakta ya zube a kujera. "Dokar sashe ce. Duk Alhamis ana zubar da kwalbar da ba ta da takarda, ni kuwa takardarta na mayar kan wadda na musanya. Ni na kafa dokar ma. Wallahi hannuna ne ya rubuta, ban ko lura ba."

"Me ya kai ka?"

"Sau goma sha ɗaya ina yin tawa, rigar na saɓulewa. Yarinyar da na koya wa riƙe kwalba ta riga ni. Kunya ce ta hana ni tambaya."

Saja ya ɗauki kwalbar. "Wannan ta zama shaida, sai ofis."

Ɗalibar ta dafe ƙirji. "Yallaɓai, jarrabawata!"

"Ɗigo nawa kike bukata?" in ji Sufeto.

"Ɗaya tak."

"Saja, ka raka shaida jarrabawa. Ka zauna a layin gaba, kada ka yi gyangyaɗi."

Ana fita da Dakta, sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

"Don Allah, yaya kika yi rigar ta zauna?"

"A hankali ake juyawa, Malam, awa shida. Da ka tambaye ni jiya, da tare za mu yi."