Ɗan Mai Ganga

Ranar wata Lahadi da la'asar, a wani tsohon gareji a birnin São Paulo, Jussara ta faɗi tsakiyar masu rawar bangaje-bangaje. Kafin a taka ta, wani dogon saurayi ya fizgo ta.

"Wanda ya faɗi a ɗaga shi," ya ce yana haki. "Dokar Valdir ce."

"Na san dokar, Dogo. Valdir ubana ne."

Fara'arsa ta ɗauke, ta dawo. Ya ce sunansa Caíque, bai ƙara ba.

Valdir ne mawaƙin ƙungiyar Prego Torto, 'yan kiɗan tawaye na punk da suka tashi zamanin soja suna zagin gwamnati da ihu. Babbar waƙarsu a kan ƙanen Valdir ce, wanda sojoji suka ɗauke bai dawo ba. Daga baya mai gangarsu, Nivaldo, ya ba wani tsohon kanar waƙar ya yi kamfe da ita. Tun ranar ba a kiran sunan Nivaldo a gidan Valdir.

Wata shida Jussara da Caíque suna soyayya, tana ce masa Dogo, yana ce mata Tsawa. Kullum sai ya turo saƙo: "Tsawata, kunnena ya doɗe da kiɗa, muryarki kawai ke shiga."

Ta kawo shi gida cin wake da shinkafa. Ana jiran abinci ya manta, ya hau kaɗa tebur da hagu. Valdir ya ajiye cokali.

"Mutum ɗaya na sani mai wannan bugun. Kai ɗan Nivaldo ne?"

Caíque ya sunkuyar da kai.

"Fice min daga gida!"

Ba uban nasa ne ya ƙona wa Jussara rai ba. Wata shidan da ya yi yana ɓoye mata ne. Ta rubuta masa: "Na yi kukan kawuna a kafaɗarka, ka yi shiru. Kar ka sake nema na."

Ya amsa: "Tsoro na ji, Tsawata. Laifina ne. Ranar bikin ƙungiyar zan zo kowa ya gan ni."

Ranar cikar ƙungiyar shekara arba'in, Caíque ya zo. Labari ya riga ya zaga. Ana tsakiyar waƙar kawun Jussara, wani tsoho mai sanƙo ya hankaɗe shi.

"Ɗan maci amana!"

Ya faɗi. Kowa ya ja baya. Jussara ma ta tsaya inda take.

Valdir ya tsayar da kiɗa.

"Tsofaffin banza! Shekara arba'in ina faɗa muku magana ɗaya, ba ku ji ba?"

Ya sauko daga dandamali da ciwon gwiwarsa, ya miƙa hannu.

"Tashi. Ubanka ya bar ni a ƙasa. Ni ba zan koyi halinsa ba."

Jussara ta kama ɗayan hannun. "Ban huce ba, Dogo."

"Zan jira, Tsawata."

Sai da ya jira shekara guda. A garejin aka yi bikin auren. Valdir ya dafa kawunansu ya ce Allah ya zaunar da su kan gaskiya. Ba a gayyaci Nivaldo ba. Ango ne ya buga ganga, da hagu, surukinsa kuwa ya rera waƙar ƙanensa har ƙarshe bai waiwayo ya dubi mai gangar ba.